Akwati Nawa Ke Isar Miji da Mata?

Duk kafintan da aka kai wa aikin kabad na amarya, tambayarsa ta farko ita ce: ƙofa nawa? Biyu, uku, huɗu, ko kuwa irin mai shida wanda ke cinye bango guda? Tambaya ce ta sana'a, kuma kamata ya yi amsarta ta fito daga awo, wato faɗin ɗaki da yawan tufafi da nauyin aljihu. Amma da wuya a ga wanda ya zo wa kafinta da lissafin tufafi. Abin da ake zuwa da shi shi ne labarin kabad ɗin da aka yi wa ƴar maƙwabta bara, sai a ce a yi kamarsa, in da hali a ɗara shi da ƙofa ɗaya. Daga nan tambayar ta fita daga hannun kafinta, ta koma ta masu nazarin halin ɗan Adam: mene ne «ya isa», kuma wa ke da ikon furta shi?

Akwai wani wuri a ƙasar Nijar da ya dace a tsaya a dubi wannan tambaya daga cikinsa, ko da yake babu kafinta ko kantin atamfa da aka san shi da su. Wurin shi ne Jado, can arewa maso gabashin jihar Agadas, bayan Tenere, gaba da Dirku da Segedin, a kan hanyar da ayari ke bi tun zamanin da tsakanin Barno da Fezzan. Tsohon garin kufai ne yau. Gidaje ne na laka da dutse da aka ɗora wani bisa wani a kan tsauni, ɗakunansu ƙanana, lungunansu matsattsu, ga dabino da ruwan kwance mai sauro kewaye da su. Barebari sun zauna a ciki kafin a watse, Tubawa kuma su ne ke zuwa lokacin ɗibar dabino, mazauna yankin kuwa suna Shirfa. A 2006 Nijar ta sa wurin cikin jerin da ta miƙa wa UNESCO domin a duba yiwuwar lissafa shi cikin kayan tarihin duniya. Sai dai ba kufan ne ya sa sunan Jado ya shiga kowane gida ba. A watan Afrilu na 2014 aka ga zinariya a yankin, cikin ƴan makonni dubban mutane suka kwarara daga Agadas da Tawa da Maraɗi da Damagaram, har da Cadi da Sudan da Libiya. A farkon 2017 gwamnati ta rufe wurin, amma rufewar ba ta kashe kwaɗayin komawa ba.

Wanda ya ga yadda ake hawa motocin Jado a waɗancan shekaru ya ga iyakar abin da jiki ke bukata na sutura. Mutum na zaune a kan lodi, ƙafafunsa na reto, jarkar ruwa a ɗaure gefen mota, kayansa duka a cikin jaka ɗaya ko buhu: riga biyu, wando biyu, rawani na kare ƙura, da bargo, domin sanyin hamada da dare ba ya wasa da kowa. A wurin haƙa, ruwa da mota ake kawo shi daga nesa a sayar da tsada, saboda haka wanki ya zama abin da ake yi wa shawara. A haka mutum zai yi wata shida, wani ma shekara. Da yawa daga cikinsu samari ne, kuma aure na cikin manyan abubuwan da suka fitar da su daga gida. Ke nan ga mutumin da ya tabbatar da jikinsa cewa riga biyu na riƙe rai, yana haƙa ƙasa cikin rana domin ya cika akwatunan da za a jera a tsakar gidan surukansa, mata su buɗe su ƙirga. Wasu sun dawo da abin da ya ishe su, wasu sun dawo hannu wofi da bashi a kai, wasu kuwa ƙishirwa ko ƴan fashi ko ruftawar rami sun hana su dawowa.

A nan ne mai wa'azin gaggawa ke samun abin faɗa. Zai ce ga shi nan, kwaɗayin mata ne ke tura ƴaƴan mutane cikin hamada. Wannan magana tana da daɗin faɗa a majalisar maza, amma ba ta yi wa tarihi adalci ba, ba ta kuma yi wa mata ba.

Tun asali tufafi a wannan ƙasa dukiya ne kafin su zama ado. Heinrich Barth, wanda ya sauka Agadas a watan Oktoba na 1850 ya kuma shiga Kano a farkon 1851, ya bayyana yadda saƙar Kano da rininta ke kaiwa har Murzuk da Gat da Tarabulus da Tambutu. A Barno an daɗe ana ciniki da gabaga, wato ƙyallen saƙi, a matsayin kuɗi. Baƙin rini mai sheƙi na Kura har yau Abzinawa na daraja shi. Wanda ya ajiye zane a wancan zamani kuɗi ya ajiye, kuɗin da ba ya bukatar sarki ya buga masa hatimi. Ita kanta kalmar lefe sunan kwando ne na kaba, wanda ake zuba kayan a ciki a kai gidan amarya. Kwando ya ba kwalla wuri, kwalla ta ba akwatin ƙarfe, shi kuma ya ba akwatin tafiya, wanda ya sa masu Faransanci a Nijar ke kiran al'adar gaba ɗaya «la valise». Mazubin ya yi ta canzawa yana girma, amma ma'anar ajiya ba ta bar shi ba.

Sannan a dubi matsayin matar aure a gidan Bahaushe. Gida na miji ne ko na iyayensa, gona tasa ce, kuma saki a bakinsa yake. Abin da ke nata, wanda ba mai gardama a kansa, shi ne abin da ke cikin ɗakinta. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta nuna yadda mata suka mai da kayan ɗaki da kyaututtukan biki hanyar tara abin kansu da kafa darajarsu, Adeline Masquelier kuma ta ga irin haka a Dogon Dutsi game da gadon amarya. Ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi maigida ba ya gari, turmin atamfa da ba a yanka ba shi ke fita ta hannun dillaliya ya dawo a matsayin kuɗin magani. Ranar da aure ya mutu, akwatin ne ke bin ta gidan ubanta. Waɗanda suka yi wayo a watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi a dare ɗaya, sun ga abin da ya faru: mai takardun kuɗi a ƙarƙashin katifa ya wayi gari rabin ƙarfinsu a kan kayan waje ya tafi, mai atamfar Holan a akwati kuwa ta wayi gari kayanta sun ƙara tsada. Wanda ya ce wa irin wannan mace akwati ɗaya ya ishe ta, ba tare da ya nuna mata wata ma'ajiya da za ta dogara da ita ba, ya cancanci a tuna masa cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai ma wani kuskure a cikin tambayar kanta. Idan Bature ya tambayi yawan wurin ajiyar da miji da mata ke bukata, yana ƙaddara ɗaki ɗaya ne da kabad ɗaya da za a raba biyu, rabi nasa rabi nata. A gidan gargajiya ba haka abin yake ba. Ɗaki na mace ne, miji baƙo ne mai daraja a cikinsa. In yana da turaka, kayansa na can. In ba shi da ita, suna rataye a ƙusa ko suna cikin wata adaka a gefe. In kuwa mata biyu gare shi, rigunansa ma kwana suke bi. Ƙananan ma'aikata da malaman makaranta da ke haya a ɗaki biyu a Agadas ko Yamai su ne suka fara sanin rigimar kabad ɗaya, inda miji ke samun ƙofa guda daga cikin huɗu, yana gunaguni. Gunagunin nan kuwa a ɗan rage shi. Babbar riga ɗaya ta shadda mai kyau, da aikinta da ɗinkinta, tana iya cinye kuɗin atamfa da dama, kuma akwai mazan da hulunansu kaɗai sai an ba su durowa. Tarin namiji bai cika ɗaukar wuri ba, shi ya sa ba a ganin sa.

To, shin akwai awo? Malaman fiƙihun Malikiyya, a littattafan da ake karantawa a zauruka irin su Muhtasar na Shehu Halil, sun ɗora wa miji tufatar da matarsa sau biyu a shekara, na lokacin sanyi da na lokacin zafi, gwargwadon ƙarfinsa da matsayinta da al'adar garinsu. Wannan awo ne mai hankali, domin ya ɗaure sutura da jiki da yanayi. In aka bi shi da lissafi irin na ɗan makaranta, abin ba shi da yawa. Macen da ke sauya kaya kullum, tana wanki sau ɗaya a mako, kaya bakwai ko takwas na yi mata zaman gida da fita unguwa. A ƙara uku ko huɗu na biki da suna da Salla, da mayafai, da rigar sanyi da bargo na hunturu. Namiji bai kai haka ba ma: na aiki, na Juma'a, na Salla. Duk wannan, in an ninke shi da kyau, kabad mai ƙofa biyu ko uku da durowa biyu na ƙananan kaya zai ɗauke na mutum biyu, a bar akwatin ƙarfe ɗaya domin abin da ba a yanka ba da abin da sai shekara-shekara ake fitarwa. A ƙasa mai ƙura da gara, akwatin ƙarfe mai murfi ya fi katako riƙon amana.

Amma mai lura zai ga cewa malaman sun bar wata ƙofa a buɗe, wato al'adar gari. Sun yi haka ne domin kada a tauye mace a tufatar da ita ƙasa da tsararrakinta. Ta wannan ƙofa ce maƙwabta suka shigo. Al'ada ba ta tsaya wuri ɗaya ba, kuma a sha'anin biki sama take hawa kullum, domin kowa na auna kansa da wanda ya fi shi, ba a taɓa jin uwar amarya ta ce a yi wa ƴarta daidai da na matalauciyar unguwa ba. Ranar kai lefe ana buɗe akwati a gaban jama'a, a ɗaga kowane turmi, a faɗi sunansa, a ƙirga, labari ya zaga gari kafin magariba. A manyan gidajen Kano ana jin akwati shida, ana jin goma sha biyu, kuma abin da aka yi a Kano ba ya daɗewa bai iso Maraɗi da Damagaram ba, yanzu ma cikin wayar hannu yake isowa a ranar. Tufafin da aka saya domin ranar ƙirga ba jikin amarya aka auna ba, idon masu kallo aka auna, ido kuwa ba shi da mudu.

Denis Diderot, marubucin Faransa na ƙarni na 18, ya yi wani ɗan rubutu mai suna Regrets sur ma vieille robe de chambre, inda ya ba da labarin yadda aka yi masa kyautar sabuwar rigar zaman ɗaki. Da ya sa ta, sai kujerarsa ta zama abin kunya a kusa da ita, ya sauya kujera. Sai tebur ya zama abin kunya, ya sauya tebur. A haka har ɗakin duka ya sauya, shi kuma ya rasa sakewar da yake da ita a cikin tsohuwar rigarsa. Kabad yana yin irin wannan aiki, har ya fi. Akwatin da ya cika yana cewa a dakata. Kabad mai ƙofa shida da aka zuba wa kayan ƙofa uku kuwa kullum aka buɗe shi sai ya nuna giɓinsa, mai shi ta riƙa jin kamar ita ce ta gaza. An sayi ma'aji domin kaya, sai aka koma sayen kaya domin ma'aji. Anko kuma na nan yana taimakawa: kowane biki da nasa zane, a ɗinka, a sa yini ɗaya, a ɗauki hoto, a ninke. Macen da ke da dangi da ƙawaye da yawa tana iya tara anko goma a shekara ba tare da ta zaɓi ko ɗaya da kanta ba, kuma ƙin yi yana nufin ɓata zumunci.

A nan hujjar ajiya, wadda aka ba ta haƙƙinta a baya, take fara rauni. Turmin da ba a yanka ba dukiya ne. Da zarar almakashin tela ya shige shi, rabin kuɗinsa ya tafi, in yayi ya wuce kuma sauran ya bi. Ankon da aka sa sau ɗaya ba mai saye sai a farashin gwanjo. Atamfa mai araha da ta cika kasuwanni daga Sin ba ta riƙe daraja irin ta Holan, ga asu da gara da ba su san tsada ba. Sau nawa aka buɗe akwatin tsohuwa bayan rasuwarta, magada suka tarar da zannuwan da ta yi shekara talatin tana tattali sun rube a kan ninkinsu? Tunkiya tana haihuwa, ɗan kunnen zinariya ba ya tsufa, keken ɗinki yana kawo na cefane, fili yana ƙara kuɗi. Zane kuwa yana kwance. Mafi muni shi ne ajiyar da aka yi da bashi. In ango ya ci bashi ya cika akwati, amarya ta shiga gida da dukiya a ɗaki da masu bin bashi a ƙofa, kuma daga cikin tukunyarta za a biya. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Hukuma ta sha gwada ƙarfinta a kan wannan. Gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta yi ƙoƙarin ƙayyade sadaki da rage ɓarnar biki. Malaman Izala sun yi shekaru suna wa'azi a kan haka a Nijeriya da Nijar. A Kano, daga 2012, gwamnati ta hannun Hisba ta riƙa aurar da zawarawa da yawa a lokaci guda tana ba su gado da katifa da sauran kayan ɗaki, wanda ke nuna ita kanta ta yarda kaya ne ke tare hanyar aure. Duk da haka akwati bai ragu ba. Dalili kuwa a fili yake: doka tana kama sadakin da ake faɗa a gaban shaidu, amma ba ta shiga cikin gida inda mata ke ƙirga. Ko zakka ba ta hawa kan tufafin da mutum ya ajiye domin amfanin kansa, kome yawansu. Shari'a da hukuma duka sun bar wannan fage ga zuciyar mai shi.

Ana iya sha'awar matan Abzinawa makiyaya, waɗanda ɗakin tabarma ko na fata nasu ne, kuma duk abin da suka mallaka sai ya hau raƙumi ko jaki ranar tashi. Awonsu a bayyane yake: abin da dabba ba ta ɗauka ba a bari. Haka masu ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kowane wurin da riga ta ci a kan raƙumi an hana gero ko kantu ne. Amma kada a yi saurin mai da wannan darasin ɗabi'a. Riga biyun mai haƙar zinariya a Jado tilas ce ta ba shi su, kuma da ya samu, shi ne na farko a shagon mai shadda. Rashi ba wadatar zuci ba ne. Wadatar zuci tana farawa ne a ranar da mutum ke da kuɗin ƙofa ta shida a hannu, ya dubi kayansa ya ga ƙofa uku sun ɗauke su, ya mai da sauran kuɗin wani wuri, alhali ya san za a yi magana. Abin da ke da wuya a ciki shi ne maganar, domin ba a kan kansa kaɗai za ta faɗa ba, har da uwarsa da surukarsa.

Shi ya sa tambayar akwati nawa ke isar miji da mata take da ban tausayi, domin su biyun ne na ƙarshe da ake tambaya. Gwaggon ango ce ke haɗa lefe tana tsoron kada a ce danginsu sun gaza. Uwar amarya ce ke zuwa wurin kafinta, bayan ta yi shekaru tana zubin adashi, tana tsoron kada ranar jere a ce ƴarta ba ta da gata. Kowace cikinsu ƙauna ce ke tura ta, da kunya. Da za a keɓe amarya a tambaye ta, ba a gaban ƙawaye ba, ko tana son akwati na biyar da na shida ko kuwa a ba ta kuɗinsu ta sayi tumaki biyu, ko ta ƙarasa karatunta, ba duka ne za su zaɓi akwati ba. Da za a tambayi ango tun kafin ya hau motar Dirku nawa ne ainihin abin da ake jira daga gare shi, a faɗa masa adadi mai iyaka, wataƙila da noman rani ko ɗan kasuwanci ya ishe shi. Ba a yin waɗannan tambayoyi, saboda duk wanda ya fara yin su za a ce rowa ce ko talauci, kuma sai mai hali sosai, wanda kowa ya san ba rashi ne ya hana shi ba, zai iya rage akwati a bikin ƴarsa a ce ya yi koyi da sunna. In talaka ya yi haka, cewa za a yi bai iya ba.

A tsohon garin Agadas, inda ƙofofin ɗakuna suke gajeru kuma lunguna matsattsu, babban kabad ba ya shiga a haɗe. Sai kafinta ya kawo shi gunduwa-gunduwa ya harhaɗa a cikin ɗaki. Ranar tashi, ko an yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Bilma, ko mai gidan haya ya ce a fita, ko aure ya ƙare, sai an sake kiran kafinta ya kwance shi, kuma irin katakon nan na garin itace da aka matse aka lulluɓe da fomika ba ya son a ɗaura masa ƙusa sau biyu a rami ɗaya. Sau da yawa a nan ake barin sa, ko a sayar da shi a kuɗin da bai kai na madubinsa ba. Akwatin ƙarfen kaka kuwa, wanda aka tura ƙarƙashin gado domin kada baƙi su gan shi, yara biyu ne ke kama hannuwansa su kai shi mota.